Fentin Soja a Gemuna

Mutum na farko da ya zage ni bayan rasuwar matata wani bakaniken babur ne, ɗan maƙwabcina, kuma har yau idan na tuna zagin nan sai in ji sanyi a raina. Muna kwance a bayan tulin tsofaffin tayoyi, a wani fili can ƙarshen unguwar Kukuo, kowa da bindigar fenti a hannu. Na ɗago kai ina leƙe kamar wanda akuyarsa ta ɓata, sai ya fizgo ni ƙasa ta wuyan riga.

"Duƙa mana, wawa. So kake su kashe mu?"

Na duƙa. A cikin abin rufe fuskar nan dariya nake yi har gilashin ya yi gumi, ba na ganin komai. Shi bai ma san ya yi wani abu ba, ya ci gaba da harbinsa.

Dole in yi bayani, don wanda bai tsufa a unguwarmu Moshi Zongo ba ba zai gane abin daɗi a zagi ba. Ni mai gyaran keken ɗinki ne. A nan aka haife ni, kakana ne ya sauko daga arewa da fatauci ya maƙale. Matata ta rasu, 'ya'yana mata suna gidajen mazansu a Kumasi, namijin kuwa yana ƙasar waje, muryarsa kawai nake samu a waya. Abokan ƙuruciyata, waɗanda za su iya kallon idona su ce ƙarya nake yi, wasu suna maƙabarta, wasu sun bi 'ya'yansu kudu. Abin da ya rage mini gaisuwa ce. Matashi ya sauko daga babur, ya durƙusa irin na Dagomba 'yan ƙasa, ya ce, "Baba, dasiba," wato ina kwana a yarensu, in amsa da "Naa." Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, in yi ta "naa, naa," sannan ya miƙe ya tafi wurin waɗanda yake hira da su. Idan na matso majalisarsu sai a ba ni kujerar da ta fi kyau, a rage murya, mai ba da labari ya haɗiye ƙarshen labarinsa. Sai in tashi don su sake. Girmamawa ce, na sani, kuma da sun ƙi yi ni ne zan fara faɗa. Amma kaɗaici ya ishe ni, har nakan bar rediyo a kunne in fita, don in dawo in tarar da murya a ɗaki.

Mai filin tsohon soja ne, kowa Saja yake ce masa. Da ya yi ritaya ya dawo gida da wasu bindigogin wasa masu aiki da iska. Suna harba 'yan ƙwallaye masu girman kanya, cike da fenti. Idan ƙwallo ya fashe a jikinka ka mutu ke nan, ka ɗaga hannu ka fita ka zauna a benci har a gama. Wata rana ya shigo shagona da bindiga ɗaya a buhu, wai wani ɗan sifirin ne ya karye a cikinta, an ce masa ina da irinsa. Na gyara masa. Ya ce in zo in gwada aikin hannuna. Na ce ni da furfurata? Ya ce a filinsa ba a duba furfura, harbi ake dubawa. Asabar ɗin nan bayan la'asar na hau kekena na tafi, ban gaya wa kowa ba.

Filin yana tsakanin wata gonar masara da wasu gidaje da ba a gama ginawa ba. Akwai tayoyi, da gangunan ƙarfe masu tsatsa, da wani ƙaton suri, da kaɗanya nan da can, sai dogon yaro a bakin hanya inda ake jingine babura. Kowa ya zo Saja zai ba shi doguwar rigar aiki ta gwanjo, duk ruwan ƙasa, da abin rufe fuska mai gilashi wanda muke kira takunkumi. Dokarsa ta farko ita ce ba a cire takunkumi a cikin fili, ko kunama ce ta shiga ciki.

Ba wai ba su gane ni ba ne. Farin gemuna yana leƙowa ta ƙasan takunkumi, guduna kuma ba ya ɓoyuwa, gwiwa ɗaya ce ke jan 'yar'uwarta. Sun san ni sarai. Amma fuska a rufe take, fenti kuwa duk rawaya ne, daga buhu ɗaya ake ɗibar wa kowa. Idan ya fashe a bayana ba mai iya cewa ga wanda ya harbi dattijo, ƙwallo ne kawai ya fito daga wajen suri. Wannan 'yar kafa ta ishe su. Suka harbe ni a gadon baya, suka harbe ni a cinya, har inda ba zan faɗa ba, babu tausayi. Ina komawa gida jiki duk shatar ƙwallo, in kwanta ina nishi ina shafa man kaɗe, ina jin ni ma mutum ne cikin mutane. Tun daga Laraba nake fara ɗokin Asabar.

Aibin rawayan nan shi ne yana goguwa, ganyen masara ɗaya ya isa. Akwai wani malamin makaranta daga unguwar Dabokpa wanda da ƙwallo ya same shi sai ya zube ya yi birgima kamar jaki, ya tashi da ƙasa a jiki, ya rantse bai mutu ba. Akwai wani mai sayar da wayoyi da ke yawo da jiƙaƙƙen tsumma a aljihu. Bayan wasa mukan zauna a inuwar dogon yaro muna shan sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, musu ya kaure: na kashe ka, ba ka kashe ni ba. Zafin wasan yakan biyo mu har can kafin ladabi ya dawo musu. Ni ma ina ciki tsundum, ina ɗaga murya, ana katse ni. Ran nan mai wayoyi ya nuna ni da yatsa ya ce, "Baba, wannan kam ƙarya ne," sai da muka ji kiran magariba sannan muka watse.

Saja ne kaɗai ba ya dariya. Mutum ne mai son abu ya tsaya a kan layi, ko takalmansa a jere yake ajiye su. Ya sha ba mu labarin yadda suke atisaye a soja da harsashin rini. Kowace ƙungiya da launinta, rinin kuma yana ratsa riga ya kama fata, ba ya goguwa. In an gama, mai horarwa ya dubi jikin mutum ya karanta wa ya harbe shi, kuma a ina, ba musu ba rantsuwa. Ya yi ta buga waya ga wani tsohon abokin aikinsa har aka haɗo masa ƙwallayen wasa masu irin wannan rinin a ciki, launi-launi. Da yake ba mu da yawa, sai ya ce ba sai an raba ta ƙungiya ba, kowane mutum ya riƙe launinsa. Ya jera mu kamar sababbin kurata ya raba.

"Daga yau," in ji shi, "ba wanda za shi goge mutuwa nashi. Abin da ka samu, ka ɗauka ka kai gida."

Ni aka ba ni kore. Bakanike ya samu shunayya, irin launin maganin nan da ake shafa wa yara a ciwon baki.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: dabarar Saja ta yi aiki. Malamin makaranta ya yi birgimarsa ya tashi, ja yana nan a kafaɗarsa, ya cire riga ga shi a fata. Mai wayoyi ya jefar da tsummansa. Da ƙarya ta ƙare, mutane suka koyi ɓuya ta gaske, suka koyi rarrafe da haƙuri, wasan ya ƙara armashi. Wanda ya ci ya san ya ci. Ni kaina da na fara ganin korena a bayan samarin da na haifi kamarsu, kaina ya kumbura. Zaman dogon yaro ne dai ya gajarta, tunda ba abin yin musu a kai. A duba jiki, Saja ya ce wane ya kashe wane, a sha sobolo, kowa ya tayar da babur. Na lura, amma ban ɗauke shi komai ba a lokacin.

Damuwarmu ta farko ma alwala ce. Muka tura Saja wurin limamin unguwa, limamin ya murza masa dantse, ya zuba ruwa ya duba, ya ce rini ne irin lalle, ba ya hana ruwa kaiwa fata. Sannan ya tambayi abin da manyan mutane ke nema a cikin tayoyi. Abin da ba mu yi tunani a kai ba shi ne yatsu. Wajen ɗura ƙwallaye dole wani ya fashe a hannu, don haka kowa yakan yi mako da launinsa a yatsu da tafi. Ni ina kwance keken ɗinki da koren hannu, bakanike yana ɗaure tayar babur da hannu shunayya. Ana ganinmu a kasuwa ana dariya.

Harbin da ya jawo komai ya zo ne da damina, masara ta wuce tsayin mutum. Ran nan bakanike yana ɓangaren abokan gaba. Na laɓe a bayan suri, na yi shiru, na fitar musu da mutane ban ko motsa ba, ina ganin yau ranata ce. Gilashina ya yi gumi, na ɗan ɗaga haɓa don in gani ta ƙasa. Daga can nesa, ta wani ɗan tsagi tsakanin ganguna biyu, ƙwallo ya zo ya daki leɓen takunkumina ya fashe a gemu. Ban taɓa ganin harbi mai kyau irin wannan a filin ba. Na ɗaga hannu ɗaya don in fita, na jinjina masa da ɗayan. Da muka cire takunkumi a inuwa, dariya ta kashe kowa. Bakanike har da kwanciya a kan benci yana riƙe ciki. Rabin gemuna fari, rabi shunayya.

A gida na gwada sabulu, na gwada toka da lemon tsami, har kananzir na shafa. Farin gashi ya sha rini ya ƙoshi, bai ko motsa ba. Ban ga dalilin aske gemun da na yi shekaru ina reno saboda wasa ba, na bar shi. Kuma in gaya muku, ban yi mako mai daɗi irin wannan ba tun da aka bar ni ni kaɗai a gida. Mata masu ɗinki suna kawo keke suna rufe baki da mayafi. Kowa ya shigo shago sai ya tambayi abin da ya faru, in ba shi labari tun daga suri har tsagin ganguna, ina ƙara gishiri. An daɗe ba a tambaye ni wani abu ba in ba gajiya da gida ba.

Alhaji, mahaifin bakanike, ba ya gari a makon, yana gonarsa a ƙauye. Mai sayar da hatsi ne, ya ɗan girme ni, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Mutumin kirki ne, amma irin wanda ko tari 'ya'yansa ba sa yi a gabansa sai da izini. Ran Juma'a muka haɗu a sahun gaba. Bayan sallama ya dubi gemuna. Muka fito tare. A bakin ƙofa ɗansa ya rigaye mu, ya durƙusa ya ajiye masa takalma yadda ya saba. Na ga idon Alhaji ya sauka kan hannun nan shunayya, ya hau gemuna, ya sake sauka. Wani mai surutu a gefe ya ce, "Ai ga mai aikin nan," ya yi dariya shi kaɗai.

Washegari da hantsi aka yi sallama a zaurena. Alhaji ne, da ƙanensa, da bakanike a bayansu ba takalmi. Mutum mai mata, mai shagon kansa, ya zo ya tsuguna a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Ƙanen ya ajiye ƙunshin ganye a gabana, ya buɗe: goro ne farare, zaɓaɓɓu.

"Malam, na kawo maka shi," in ji Alhaji. "Yaron da na haifa ya ɗaga bindiga ya nuna ma tsaran ubanshi. Duk Zongo sun gani a fuskanka. Kaka zan kalli mutane?"

Na ce, "Alhaji, wasa ne fa. Ni ma ina harbinsu. Dubi hannuna."

"Kai babba ne. Ka harbe su, 'ya'yanka ne. Shi fa, mi za shi ce ma Allah?"

"Amma ni na kai kaina wurin."

"Ka yi haƙuri, ka karɓa."

Ƙanen ya ƙara turo goron. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ke gabana. Idan na ƙi karɓa, ma'anarsa ban yafe ba, gaba ta shiga tsakanin gidaje biyu, kuma bakanike ne zai sha wuyarta a hannun ubansa. Idan na karɓa, na yarda ke nan an yi mini laifi. Babu hanya ta uku. Na dubi bakanike, ina roƙo a zuciyata ya ɗago ido ko sau ɗaya mu yi dariya, abin ya wuce. Bai ɗago ba. Na miƙa koren hannuna na jawo ƙunshin.

"Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Suka shafa fatiha, suka yi godiya, suka fita. Na zauna ina huci, ban san wanda zan ji haushi ba. Irin wannan goron kuma mutum ɗaya ba ya cinsa, rabawa ake yi don mutane su shaida an shirya. Na raba wa maƙwabta da hannuna, kafin azahar labari ya gama unguwa.

Da la'asar na tafi fili kamar kullum. Aka sa takunkumi, Saja ya hura usur. Na laɓe, na harba, na fitar da malamin makaranta, na fitar da mai wayoyi, aka tashi ban mutu ba. Aka sake, na sake ci. Na koma gida ina yaba kaina. A Asabar ta gaba ne na fara zargi. Na ƙetare daga tayoyi zuwa suri da gudun nan nawa na gurgu, a fili fetal, ƙwallaye suna wucewa ta saman kaina can sama, suna faɗawa cikin masara. Mutanen da na san suna iya samun gwangwani daga nesa sun zama makafi. Wanda na harba kuwa ko bai fashe ba sai ya ɗaga hannu da sauri ya fita. Na gane ba wanda yake so launinsa ya kwana a jikina, a kai shi gaban ubansa ko surukinsa. Suna zagaye ni yadda ake zagaye kaɗanya, su je su yi wasansu a ɗaya gefen.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Bayan wasa na ja Saja gefe, bayan ganguna.

"Kana gani ba sa harbina."

"Ina gani, Malam."

"To, wannan ba maguɗi ba ne? Kai da ba ka son maguɗi."

Ya cire hularsa ya sosa kai. "Doka ya ce wanda aka samu shi fita. Wanda ya goge, zan kama shi. Amma wanda ya ƙi saita bindiga nashi, kaka zan kama shi? Fenti ba ya nuna wannan."

Na ce ya dawo mana da rawayan da. Bai so ba, amma saboda ni ya tono ragowar tsohon buhu, muka yi Asabar ɗaya da shi. Malamin makaranta ya koma birgimarsa, sauran suna ta ƙorafi. Ni kuwa ba abin da ya sauya. Sun riga sun ga bakanike a tsugune ba takalmi, ko ba su gani ba sun ji, kuma canjin launi bai mantar da su ba. Saja ya mayar da rininsa, ban hana shi ba, don ba ni da hujja. Sai ya ce ko in zama alƙali, ya ba ni usur, in tsaya a kan ganga ina duba masu laifi, wai ya fi dacewa da shekaruna. Na ce masa in don in tsaya ina kallon mutane suna wasa ne, ina da ƙofar gida. Maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi mini.

Na ci gaba da zuwa, don ba ni da wani wurin zuwa. A inuwar dogon yaro yanzu ni ake fara miƙa wa sobolo da hannu biyu. Ana yaba harbina. Idan na ce wani abu sai a ce haka ne, Baba. Na gwada shirga musu ƙarya da gangan, na ce na harbi mai wayoyi daga bakin titi ido rufe, suka gyaɗa kai. Shunayyar gemuna tana dusashewa a hankali, kullum da safe ina dubawa a madubi, kuma ba murna nake yi ba. Ta koma ruwan toka, daga baya ta tafi gaba ɗaya. Bakanike bai daina zuwa ba, amma ya daina shiga ɓangarena, kuma a cikin fili yana gudun inda nake. Na so in same shi a shagonsa in ce masa bai yi mini komai ba sai alheri. Na je har bakin shagon, ya ajiye sifana ya goge hannu zai rusuna, sai na ce iskar kekena ce ta ragu. Ya buga mini iska na tafi.

Ranar ƙarshe an girbe masara, fili ya buɗe, ba wurin ɓuya sai tayoyi da ganguna. Wasan ya yi zafi, ana ta faɗuwa daga ɓangarorin biyu, ni dai ba ruwan kowa da ni. Can na duba benci na ga ya cika. A ɓangarenmu ni kaɗai na rage, a nasu bakanike. Yana kwance bayan tayoyi, ina ganin bakin bindigarsa. Dokar Saja ita ce ba a tashi sai ɗaya ya mutu.

Na fito daga bayan suri. Na saukar da bindigata na riƙe ta a gefe, na taka zuwa wajensa a hankali, ƙirji a buɗe. Ba wayo nake yi ba, kowa ya gani. Na matso har ina jin numfashinsa a cikin takunkumi. Ko makaho ne a wurin ba zai kuskure ni ba.

Na ce, "Harba."

Bai motsa ba.

"Ga ƙirji, riga za ta rufe. Ba mai gani. Ubanka ba zai sani ba."

"Baba, ka harba kai."

"Ba zan harba ba. Kai ka fi ni, kowa a nan ya sani. Roƙonka nake, ɗana, ka harbe ni."

Muryata ta karye a kan kalmar ƙarshe, na ji kunya, na gode wa Allah da fuskata a rufe take. Ya miƙe tsaye a hankali. Ya ɗaga bindigar har ta daidaita da ƙirjina, zuciyata ta buga da murna, na dafe ƙafa ina jiran zafin nan. Sai ya karkatar da bakin bindigar ƙasa, ya ɗora a kan cinyarsa, ya ja kunama. Daga kusa haka abin yana da zafi sosai, na ga ya ɗan tanƙware. Shunayya ta bazu a rigarsa har gwiwa. Ya ɗaga hannu.

"Na mutu," in ji shi, ya wuce ni yana ɗingishi.

Saja ya zo ya duba cinyar yadda yake duba ta kowa. Fenti ne, ya fashe, yana jiki. Ya hura usur, ya kama hannuna ya ɗaga sama. Mutanen benci suka tafa mini, tafi na ladabi, ba mai ƙarfi ba.

Ban tsaya shan sobolo ba. Na je bayan ganguna na cire takunkumi, na goge fuskata da kyau kafin in fito. Na tuɓe rigar aikin na miƙa wa Saja. Sauran rigunan suna tare a cikin baho, launi-launi, suna jiran wanki. Ya karɓi tawa, ya duba gaba, ya duba baya. Ya tambaye ni ko zan zo Asabar, na ce gwiwata tana damuna. Ya gyaɗa kai, ya san ba gwiwa ba ce. Bai jefa rigar cikin baho ba, ya ninke ta ya mayar cikin buhun masu tsabta. Na hau kekena na kama hanyar Zongo tun rana ba ta faɗi ba.